Daƙiƙa Shida a Muryar Isiyaku

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Tun da hantsi nake jin ku kuna cika baki, wai gina manhaja daga tushe ba wani abu ba ne, layi uku ne mutum zai kwafo daga intanet, ya manna a baƙin allo, ya danna, ya tafi shan shayi. To, madalla. Ni Sabo na fi shekara ashirin ina danna layukan nan uku, kuma har gobe idan rubutu ya fara zubowa a allon ba na iya ɗaga ƙafa daga wurin. Matata ta ce ciwo ne. Na yarda ciwo ne, amma na san ranar da na kamu da shi, kuma yau sai kun ji.

Da kaset na fara, a wata 'yar rumfa bayan babbar kasuwar Garwa. Ina kwafar wa'azi da waƙoƙin biki, ina goge kan rikoda da auduga da alkol, in zaren kaset ya tsinke in liƙe shi da jan farcen mata. A nan kunnena ya gogu. Tun daga bakin titi nake gane rikodar da batirinta ya yi sanyi, don muryar malami sai ta yi nauyi ta dinga jan ƙafa. Da faifan CD ya shigo, kasuwarmu ta mutu a tsaye. Shi ya kai ni hannun Misye Pol.

Misye Pol mutumin Figil ne. Ya yi aikin lantarki a can wajen masu siminti, ƙura ta ci masa ƙirji, ya dawo Garwa ya buɗe sibar, shagon da ake zuwa shiga intanet. Hausarsa rabi Fulatanci ce rabi Faransanci, kuma ba ya maimaita magana sai da zagi a kai. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa komai ba. Shi zai danna, ni kuma in tsaya a bayansa ina karanta abin da allo ya rubuto da ƙarfi, layi bayan layi, kamar mai biya karatu. Lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, Faransancin ma da ƙyar, ga shi allon Turanci yake yi. Kalma biyu ya fara sa ni haddacewa: wadda ke nufin an samu, da wadda ke nufin ba a samu ba.

"Patron," na ce masa wata rana, "ai in akwai matsala zai faɗa da kansa."

"Kai, wawa ne kai? Injin ba ya ƙarya, amma ba ya ɗaga murya. Sau ɗaya zai gaya maka. Karanta!"

Bari in faɗa muku abin da ya sa muke shan wahalar ginin, tunda ku kun taso kun tarar da komai a dafe. Manhajar gyaran sauti da muke aiki da ita, masu ita sun bar wa duniya kyauta, har da kod surs, wato ainihin rubutun da suka rubuta ta da shi. Akwai wadda suka riga suka gina, saukewa kawai za ka yi. Amma su can da sababbin injina suke gini, mu kuwa nan gwanjo ke iso mana daga Duwala, injin da wani ofis ya gaji da shi tun kafin a haifi wasunku. Ka sa masa rigar kanti, ta ƙi shiga. Dole ka karɓi yadin ka yanka daidai jikinsa. Ga shi masu kawo aikin ba iri ɗaya ba ne: mai situdiyo a Jambutu Windows gare shi, 'yan rediyon ƙauye Linux aka ba su, mai tallan maganin basir da lasifika shi bai ma san me ke cikin nasa ba. Kod surs ɗaya a kan kile, wannan ɗan abin ajiyar da kuke ce wa filash, shi ke ciyar da su duka.

Abin da ke sa haka ta yiwu shi ne CMake. Shi ba ya gini. Aikinsa ya zagaya injin ya duba wane kompilater ke nan, wato maginin da zai juya rubutu ya zama manhaja, ya kuma duba waɗanne libreri ke nan. Libreri guntayen aikin wasu mutane ne da manhajar ke jingina da su. Wata ita ke buɗe fayil ɗin waƙa, wata ita ke magana da kart son mai fitar da sauti, wata ita ke zana maɓallan da kuke dannawa. In ya gama zagayen sai ya rubuta wa magini tsarin aiki daidai da wannan injin. To, a nan gizo ke saƙar. Akwai librerin da in babu ita CMake zai tsaya cak, ya yi maka ja a allo, ba yadda za ka yi ba ka gani ba. Akwai kuma wadda in babu ita layi ɗaya zai rubuta a tsakiyar layi ɗari biyu, ya wuce abinsa. Ginin zai kammala lafiya lau, manhajar ta buɗe kamar ba a yi komai ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kile uku a zare ɗaya a wuyana, ɗaya na kod surs, ɗaya na libreri, ɗaya fanko don ko-ta-kwana. A lokacin Patron sauke kod surs wuni guda yake ci, kuma layin ya fi son yankewa in saura ƙiris, don haka wanda ya samu cikakke ba ya wasa da shi. Sai burushin fenti na share ƙura, da abin kunne mai kyau, da littafin 'yan makaranta mai layi-layi inda nake rubuta kowane injin da na taɓa yi wa gini, da sigar kowace libreri da ta yarda da shi. Don libreri ma tana da hali. Sabuwa ta yi wa wannan injin yawa, tsohuwa ta yi wa wancan kaɗan.

Aikina na farko ni kaɗai na wani mai situdiyo ne a Jambutu, mai naɗar mawaƙan biki. Na gina a shagon Patron, na gwada, komai daidai, na zuba a kile na hau moto, wato babur ɗin haya, ina jin kaina. Na isa, na danna, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman fayil ɗin da na baro a injin shago. Na koma na ɗauko, ya nemi wani. Sawu huɗu na yi a ranar tsakanin kasuwa da Jambutu, har mai moton ya ce in aure nake nema a unguwar in faɗa masa gaskiya ya taya ni. Irin wannan kuskuren mai sauƙi ne, shi ke nuna kansa, kunya kawai za ka sha.

Akwai kuma wata 'yar rediyo a hanyar Figil da na taɓa yi wa aiki. Na buɗe injinsu na tarar cikinsa fari fat da ƙurar dutse, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta kai ta wayar da ke hannunka ba. Duk sanda magini ya iso wani babban fayil sai ya suma. Sau uku a wuri ɗaya. Sai da na zauna na gaya wa CMake ya bar wannan, ya bar wancan, ba sa buƙatar kayan kiɗa, labarai da sanarwar ɓatan awaki kawai suke karantawa. Na rage wa jakin kaya, ya tashi. Kun ga ke nan wucewar da CMake ke yi in bai samu abu ba rahama ce a gare mu, ita ke sa injin talaka ya yi aiki. Sharaɗin dai ya zama kai ka san abin da aka bari a baya.

Bayan shekaru na buɗe nawa shagon, Patron ya tsufa ya rufe sibar tunda kowa ya samu intanet a aljihu. Sai shekarar nan ta zo da ake kwashe mutane a dajin da ke bayan Bibemi. Makiyaya da masu fataucin shanu aka fi ɗauka, a shige duwatsu da mutum, a aiko wa danginsa da abin da ake so. Aiki ya tsaya mana cik, rediyoyin ƙauye ba mai zuwa, mawaƙa ba biki. Zaman banza ya ishe ni, na ɗauko sabon kod surs da wani ya kawo mini daga Ngaundere, don an ce sun inganta abin cire hayaniya daga sauti. Na gina shi ina hira da maƙwabcina tela. Rubutu na zubowa a allo, ni na juya masa ƙeya ina musun ƙwallo. Ya kammala, na buɗe, na yanka wani wa'azi da ke cikin injin tun da, na ji daidai. Na ce shi ke nan.

Bayan mako guda, ranar Laraba da safe, Alhaji Tanko ya shigo. Dillalin shanu ne, mai jiki da murya, wanda in yana ciniki a kara ana jiyo shi daga mayanka. Ranar kuwa da ƙyar na ji sallamarsa. Ya zauna, ya ciro wata 'yar takarda daga cikin hularsa, ya warware. Kart memwar ce, wato memorin waya, ƙarama kamar farce.

"Malam Sabo, ka ji abin da ya samu ƙanena Isiyaku?"

Na ji, duk gari an ji. Kwana goma sha biyu ke nan da aka tare shi yana dawowa daga kasuwar ƙauye.

"Jiya aka ajiye wannan wurin wani mai shayi a Bibemi. Wai muryarsa ce a ciki. Mun sa a waya, mun saurara har kunnenmu ya yi zafi, iska kawai muke ji, bu-bu-bu, da wani abu can ƙasa kamar mutum. Gobe Alhamis da motar safe Bappa Umaru zai tashi da abin da suka nema. Sun ce in rana ta faɗi gobe ba su gan shi ba, za su bar inda suke."

Bappa Umaru wani dattijon Bafulatani ne, aminin gidansu, shi ya yarda zai shiga dajin. Abin da ke cin Alhaji shi ne, a shekarar an yi gidajen da suka aika, ashe nasu ya riga ya rasu, wani aka sa ya yi magana a madadinsa. Har akwai inda aka riƙe ɗan aiken.

"Ba zan tura dattijo ya mutu a kan gawa ba," in ji shi. "In Isiyaku ne, ko rigar jikina su karɓa. Ka cire mini iskar nan in ji."

Manhajar ba ta buɗe irin fayil ɗin waya, don haka na yi yadda muka saba. Na sa kart ɗin a wayata, na ja kebul daga ramin abin kunne zuwa wani ɗan akwatin shigar da sauti da nake kwafar tsofaffin kaset da shi, na naɗa a kwamfuta. Na nemi wurin da iska ce zalla, na nuna wa manhaja na ce ga abokiyar gaba. Na rage kaɗan, na saurara, na ƙara ragewa. In ka cika hannu murya sai ta koma kamar ana magana a cikin randa, shi ya sa ake bi a hankali. Kafin azahar magana ta fito. Ba tas ba, amma kowace kalma ana ji: "Yaya, ni ne. Ina da rai. Ku yi abin da suka ce. A gaya wa Hajara kada ta sayar da jar saniya, ta yara ce."

Wallahi na ji daɗin kaina a lokacin. Ni ban san muryar Isiyaku ba, gaisuwar nesa ce tsakaninmu, saboda haka ba ni da abin da zan auna da shi.

Alhaji ya saurara, ya ce a sake. Sai ya fita, ya dawo da Hajara, matar Isiyaku. Ta zauna a bakin benci, mayafi har goshi. Na miƙa mata abin kunne ta ƙi, ta ce a sa a lasifika. Sau uku na kunna mata.

"Yaya Alhaji," ta ce, "maganar tasa ce. Zancen jar saniya ba wanda ya sani sai mu. Amma muryar ba tasa ba ce. Wannan dattijo ne. Baban Amina muryarsa siririya ce, kuma da sauri yake magana, kai ma ka sani, har faɗa kake masa."

"Ko wahala ce ta sauya shi?"

"Na ji shi da zazzaɓi, na ji shi da azumi, na ji shi ranar da Inna ta rasu. Ba shi ba ne."

Alhaji ya juyo gare ni. "Malam Sabo, tsakaninka da Allah, injin nan naka ba ya sauya murya?"

Ku saurari amsar da na ba shi da kyau. Na dafa kwamfutar na ce, "Alhaji, ni na gina ta da hannuna. Iska kawai take cirewa, ba ta ƙara komai."

Ya yi salati. Ya ce ke nan sun tatsi zancen saniya daga bakinsa kafin su gama da shi, suka ba wani ya faɗa. A gabana ya kira Bappa Umaru ya ce ya kwance kayansa, ba tafiya. Hajara ba ta yi kuka a shagona ba. Takalminta ɗaya dai ta manta, sai da na bi su da shi.

Washegari Alhamis, wajen ƙarfe tara, na zo cire kart ɗin daga wayata in mayar musu. Idona ya faɗa kan allon wayar: tsawon naɗin minti ɗaya da daƙiƙa shida. Na kalli kwamfuta, inda aikin jiya yake: minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Na ce ko shirun farko da na ƙarshe ne na haɗa da su. Na duba, tun jiya na yanke su. To daga ina daƙiƙa shida suka fito? Cire iska ba ya ƙara wa magana tsawo.

 Na ɗauki wayar na naɗi kaina ina ƙirga ɗaya zuwa ashirin, na bi da shi ta kebul ɗin nan da akwatin nan, na kunna. Sai ga wani tsoho yana ƙirga a lasifikata, a hankali, da murya mai kama da ta mahaifina. Tela ya leƙo ya ce, "Baƙo ka yi?"  Ni fa, ni da nake gane rikoda mai sanyin batir daga bakin titi!

Na buɗe rubutun da CMake ya bari na ranar da nake musun ƙwallo. Na bi shi da yatsa, da ƙarfi, yadda aka koya mini. Can wajen tsakiya ga shi nan, layi ɗaya: librerin daidaita saurin sauti, ba a samu ba, an ci gaba ba tare da ita ba.

Ga abin da ya faru. Kwamfuta yanka sauti take yi gutsi-gutsi. Akwatin shigarwa yana yanka gutsure dubu arba'in da takwas a kowace daƙiƙa, kart son mai fitarwa kuwa dubu arba'in da huɗu da 'yan kai take karantawa. Wannan librerin ita ke tsaye a tsakani tana sasanta su. Da babu ita, sai aka karanta maganar a hankali fiye da yadda aka faɗe ta. Kaɗan ne, bai kai a ce injin ya lalace ba, amma ya isa ya mai da ɗan shekara talatin da biyar ɗan sittin.

Motar safe ta riga ta tafi. Na hau moto zuwa gidan Alhaji. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun fara zuwa jaje. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya dube ni kamar zai shaƙe ni.

"Jiya ka dafa injin ka ba ni tabbaci. Yau ka ce injin ne ya yi ƙarya. Gobe fa? Da wanne zan tura Bappa daji?"

"Alhaji, ka ba ni zuwa la'asar."

"Ba ni ke ba da lokaci ba, Sabo, suna can." Ko Malam ɗin ma ya cire. "Kada ka sake ta da hankalin yarinyar nan sai da abin da kunnenta zai gaskata."

Akwai dabarun gajeriyar hanya, na ga bakinku na motsi, za ku ce me ya hana ni. Abin da ya hana ni shi ne ban san me kuma rashin librerin ya taɓa a aikin jiya ba, kuma wanda ya ba da tabbaci a kan ƙarya sau ɗaya ba ya komawa da faci. Na sauke librerin da wayata. Abin takaici, 'yar ƙarama ce, ko nauyin hoto ɗaya ba ta kai ba. Na girka ta. Sannan na share ginin baya gaba ɗaya, don CMake yana da riƙo, abin da ya yanke a karon farko yana ajiye shi, in ba ka share ba zai maimaita maka. Na sa shi ya sake zagaye. Wannan karon kowane layi sai da na furta shi. An samu. An samu. An samu. Ƙarfe goma sha ɗaya saura na saki magini.

A injina ginin awa uku da rabi yake ci in an yi sa'a. Kuma bazara ce, bazarar Garwa, wadda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Magini yana sa injin aiki da duk ƙarfinsa, in ya yi zafi da yawa sai ya kashe kansa ba sallama. Na cire murfin, na roƙi tela ya karɓo mini ƙanƙara wurin masu kifi, na naɗe a buhu na ajiye a tasa gaban fanka, iskar na bi ta kai tana shiga cikin injin. A gefen allo akwai lambar da ke nuna kashi nawa aka gama cikin ɗari. Sha biyu. Sha uku. Na zauna ina kallonta kamar mai jinya. Wani fayil zai wuce da ƙiftawar ido, wani ya tsaya minti biyar lambar ba ta motsa ba, ni kuma ina ta tunanin inda rana take a kan duwatsun can. 

A kashi sittin da ɗaya aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi, na ji tela ya ce, "Kai, sun fara!" Janareton da nake da shi ya mutu tun damina. Na kira Patron. Ban yi masa dogon bayani ba, na ce mutum ne a daji, kuma laifina ne. Bayan rabin awa sai ga shi a bayan moto, tsoho da tarinsa, ya rungume batirin mota a cinya, da ɗan injin da ke juya wutar batir ta zama ta gida.

Na haɗa, na kunna, na kai hannu zan danna a ci gaba. Ya buge mini hannu.

"Agogo, Sabo! Duba agogo!"

Ɗan batirin cikin injin ya daɗe da mutuwa, duk sanda wuta ta yanke sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Shi kuwa magini da lokaci yake gane abin da ya gama da abin da ya rage. Da na danna a haka da ya rikice, in rasa wanne ne sabo wanne ne tsoho. Na gyara agogo, na danna. Ya tsallake abin da ya gama, ya kama daga inda ya tsaya. Patron ya zauna a benci yana yi wa injin fifita da kwali, tunda batirin ba zai ɗauki fanka ba. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Abu ɗaya ya tambaya.

"Ka karanta?"

"Yau na karanta, Patron."

"Yau," ya ce, ya ci gaba da fifita.

Ana kiran la'asar lambar ta kai ɗari. Ban ruga gidan Alhaji ba. Na sake naɗar ƙirgata na kunna, Patron ya ce e, wannan muryar wawan da ya sani ce. Sannan na sake shigar da naɗin daji daga farko. Minti ɗaya da daƙiƙa shida. Na cire iska a hankali, duk da zuciyata na cewa in yi sauri, don sauri ya riga ya haifa mini nawa. Na zuba a waya, na ɗauki 'yar lasifika.

A zaure aka ajiye ni. Ga Alhaji, ga Bappa Umaru da carbinsa, Hajara kuma tana bayan ƙofar cikin gida, ta ce ba za ta iya fitowa ba. Na kunna. "Yaya, ni ne." Iyakar abin da aka ji ke nan sai ƙofar ta bugi bango, ga ta a tsakiyar zaure, ko mayafin ba ta tsaya gyarawa ba.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Yaya Alhaji, me muke yi a zaune?"

Bappa Umaru ya riga ya miƙe yana neman sandarsa. Amma rana ta yi ƙasa, kuma a shekarar ba a barin moto ya bi hanyar in magariba ta gabato. Sai da safiyar Juma'a ya tashi. Ya isa wurin da aka ce, ya tarar da toka mai sanyi da guntun igiya. Sun cika maganarsu, sun tashi.

Kwana tara aka yi ba labari. Duk moton da ya tsaya a ƙofar shago sai na miƙe na leƙa. Ran na goma aka sake ajiye saƙo wurin mai shayi, Bappa ya koma, ya dawo da Isiyaku.

Da rai ya dawo, alhamdu lillahi. Amma da suka bar wurin farko sun yi fushi, suka ɗaure shi tamau ta baya suka yi ta tafiya da shi cikin duwatsu, igiyar ta ci hannunsa na dama har jijiya. Likita ya yi iya yinsa. Hannun yana nan, yatsun dai ba sa rufewa. Mutumin da ke kama bijimi ta ƙaho, yanzu Hajara ke sa masa maɓallin riga.

Alhaji bai taɓa gaya masa abin da ya sa Bappa ya makara ba. Ni ma ya hana ni. Ya ce in na buɗe baki Isiyaku zai san yayansa ya shimfiɗa masa tabarmar jaje yana da rai, zai kuma san matarsa ta ce ba shi ba ne. Saboda su na yi shiru. Sunayen da na gaya muku ma ba nasu ba ne, kuma abin da kuka ji a shagon nan ya tsaya a shagon nan.

Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Da an sallame in ya hango ni sai ya ratso mutane, ya jawo duk wanda ke kusa ya ce, "Ka ga wannan? Shi ya tsamo muryata daga cikin iska. Ba don shi ba da yanzu an manta da ni." Sannan ya sa hannun hagu ya ɗago na dama ya miƙo mini. Ni kuma in sa hannu biyu in riƙe, don shi ba ya iya riƙe nawa.